Su Wa Suka Zauna a Majalisar Ministocin Sardauna, Kuma Yaya Aka Haɗa Ta?

Tambaya: Ina rubuta aikin makaranta a kan gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Na samu jerin sunayen ministoci har guda uku, kuma babu wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa. A wani Makaman Bida ne ministan ilimi, a wani kuwa Isa Kaita ne. Wani ya sa Ribaɗu da Maitama Sule, wani bai sa su ba. Wani ma har da Sarkin Musulmi a ciki. Wanne ne gaskiya, kuma wace ƙa'ida aka bi wajen haɗa majalisar?

Amsa: Malam, biyu daga cikin jerin nan naka suna iya zama gaskiya a lokaci guda, domin majalisar ba ta tsaya a siffa ɗaya ba. Daga 1952 da aka fara naɗa ministoci a Kaduna zuwa 15 ga Janairu 1966 shekara 14 ke nan, kuma a tsakanin nan an sake tsarin mulki sau da dama, an yi zaɓen jiha a 1956 da 1961, an ƙirƙiro ma'aikatu, an rushe wasu. Makaman Bida ya riƙe ilimi daga 1952 zuwa 1957, sannan ya koma kuɗi. Isa Kaita ya karɓi ilimi a 1957 ya riƙe har ranar da sojoji suka yi juyin mulki. Saboda haka duk jerin da bai zo da shekara a kansa ba, bai gama aikinsa ba.

Jerin da ya sa Ribaɗu da Maitama Sule shi ne mai kuskure na gaske, kuma kuskure ne da ya yawaita. Muhammadu Ribaɗu, Inuwa Wada, Maitama Sule, Shehu Shagari, Zanna Bukar Dipcharima, Waziri Ibrahim da Musa 'Yar'aduwa duk ministocin Tarayya ne a Legas, ƙarƙashin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jam'iyyarsu ɗaya da na Kaduna, wato NPC, kuma Sardauna ne shugaban jam'iyyar, shi ya sa mutane ke haɗa su a kwando ɗaya. Amma tun tsarin mulkin 1954 aka raba kujerun, mutum ba ya zama a majalisar Legas da ta Kaduna a lokaci guda. Akwai hanya mai sauƙi ta gane wannan: duba sunan ma'aikatar. In ka ga tsaro, harkokin waje, ma'adinai da lantarki, jiragen ƙasa, gidan waya ko kwastan, to Legas ce. Kaduna ta riƙe ilimi, lafiya, gona, dabbobi da dazuzzuka, filaye da safiyo, ayyuka, kotunan jiha, da kuma uwa uba mulkin En'e, wato hukumomin gargajiya da sarakuna ke shugabanta.

Majalisar farko, ta 1952, ƙarama ce kuma hannunta a ɗaure yake. A ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson na 1951, Bature ne yake shugabantar Majalisar Zartarwa, kuma daga 1952 Sir Bryan Sharwood-Smith ne, wanda mutanen Arewa suka sani da Mai Wandon Ƙarfe. Tare da shi akwai manyan ma'aikata Turawa da suke zama saboda muƙaminsu: sakataren mulki, sakataren kuɗi da sakataren shari'a. Ministoci 'yan ƙasa ba su kai goma ba, wasu daga Majalisar Wakilai, wasu daga Majalisar Sarakuna. Ahmadu Bello ya fara da ma'aikatar ayyuka, a 1953 ya koma kan mulkin En'e da raya karkara, ya zama jagoran harkokin gwamnati a majalisa. Abin da ya kamata ka rubuta a aikinka shi ne, ministan wancan lokaci ba shi da iko kai tsaye a kan sashen da ke ƙarƙashin sunansa. Daraktan ilimi ko na ayyuka Bature ne, kuma sarƙar umarninsa tana bi ta sakatariya zuwa ga gwamna. Minista yana kawo magana gaban majalisa, yana amsa tambayoyi a zauren Lugard Hall, amma bai mallaki ma'aikatan ba. Wannan ne ya fi damun ministocin farko, kuma shi ne abin da suka yi ta ja da Turawa a kansa har aka narkar da sassan cikin ma'aikatu, aka sa wa kowace ma'aikata babban sakatare da ke amsa wa minista.

Ranar 1 ga Oktoba 1954 Sardauna ya zama Firimiya, amma gwamna ya ci gaba da zama a kujerar shugaban majalisa, kuma kuɗi na hannun Bature. Sai a 1957, bayan taron tsarin mulki na Landan, aka cire sakataren mulki da na kuɗi daga majalisar, aka naɗa Makaman Bida ministan kuɗi na farko ɗan Arewa. A shekarar ne kuma Sir Gawain Bell ya gaji Sharwood-Smith. Ranar 15 ga Maris 1959 Arewa ta samu mulkin kai, gwamna ya tashi daga kujerar, Firimiya ya zauna. An zaɓi ranar da gangan, domin a 15 ga Maris 1903 ne Turawa suka ci Sakkwato. Bature ɗaya ne ya rage a cikin majalisar bayan wannan, wato Babban Lauyan Gwamnati, Hedley Marshall, wanda ya riƙe har 1962, sannan Ian Lewis ya karɓa. Kada ka haɗa wannan muƙami da na ministan shari'a, domin daga 1961 Mamman Nasir ne ministan shari'a, kuma kujeru biyu ne daban. A 1962 Sir Kashim Ibrahim ya zama gwamna ɗan ƙasa na farko.

To yaya ake naɗa su? Bayan mulkin kai, tsarin irin na Ingila ne. Gwamna zai kira ɗan Majalisar Wakilai da yake da rinjayen mambobi ya naɗa shi Firimiya. Firimiya zai miƙa wa gwamna sunayen waɗanda yake so, gwamna ya rantsar da su, a buga a gazet. Babu tantancewa a majalisa kamar yadda ake yi wa kwamishinoni a yau. Sharaɗin shi ne dole minista ya kasance ɗan ɗaya daga cikin majalisu biyu, kuma dole a samu wasu daga Majalisar Sarakuna. Minista ba ya barin kujerarsa ta majalisa, yana zaune a sahun gaba yana kare ma'aikatarsa, in kuma ya faɗi zaɓe to muƙamin ya tafi. Wannan ya sha bamban da tsarin 1999, inda ɗan majalisar jiha da aka naɗa kwamishina yake rasa kujerarsa da zarar ya yi rantsuwa. Firimiya ne ke raba ma'aikatu, shi ke sauya su, kuma shawararsa ce ke sauke minista. Duk abin da majalisa ta yanke kuwa ya hau kan kowa, ko da mutum ya yi jayayya a ciki, in ya fito waje sai ya kare shi ko ya ajiye aiki.

Wani abin da ke rikita masu jera sunaye shi ne ba kowa da ake ce wa minista ne yake da nauyi ɗaya ba. Akwai masu riƙe da ma'aikata. Akwai ministocin da ba su da ma'aikata, galibinsu sarakuna. Akwai ƙananan ministoci, waɗanda yawancinsu a ofishin Firimiya suke. Sai mataimakan ministoci, 'yan majalisa da ake liƙa wa kowace ma'aikata su amsa tambayoyi su yi rangadi, waɗanda ba sa zama a Majalisar Zartarwa. Daga 1962 kuma aka ƙara Kwamishinonin Lardi, masu darajar minista amma mazauninsu hedkwatar lardi ne. In wani ya haɗa dukkan waɗannan zai samu dogon jeri, in wani ya ɗauki na farko kaɗai zai samu gajere, kuma kowa zai ce nasa ne majalisar Sardauna.

Jerin da ya sa Sarkin Musulmi bai yi kuskure ba. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku minista ne marar ma'aikata, haka Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, haka Sarkin Katsina Usman Nagoggo, wanda tun 1952 ya fara riƙe irin wannan muƙami a Legas kafin na Kaduna. An kuma riƙa sa sarki daga kudancin jihar, kamar Aku Uka na Wukari, domin kada kujerun sarakuna su zama na masarautun Daular Usmaniyya kaɗai. Mutane na ɗauka zaman nasu na girmamawa ne kawai, amma ba haka ba ne. Kowace doka sai ta bi ta Majalisar Sarakuna, kuma gwamnati na bukatar wanda zai tsaya mata a can. Na biyu, akwai wata majalisa ta musamman da ke duba naɗi da tuɓe sarakuna, wadda Firimiya ke shugabanta, kuma sarakunan da ke minista suna cikinta. Na uku, kuma shi ne mafi girma, En'e ce gwamnatin da talaka ya sani. Ita ke karɓar haraji da jangali, ita ke da 'yan doka, da gidan yari, da kotun alƙali, da makarantun elemantare da yawa. Duk manufar da aka tsara a Kaduna, hakimi da dagaci ne za su kai ta ƙauye. Gwamnatin da ba ta da manyan sarakuna a teburinta za ta yi doka a takarda ne kawai.

Daga nan ne za ka fahimci sauran ministocin ma. Dubi sunayensu: Makaman Bida, Madawakin Ilori, Galadiman Pategi, Ciroman Katagum, Wamban Daura, Galadiman Maska, Turakin Zazzau, Sarkin Fadan Zazzau, Wazirin Shendam. Kusan kowa mai sarauta ne, kuma kusan kowa daga aikin En'e ya fito, ko malamin makarantar midil, ko magatakarda, ko ma'aji, ko hakimi, ko ɗan majalisar sarki. Shi kansa Firimiya hakimin Rabah ne kafin ya zama ɗan majalisar Sarkin Musulmi. Wannan ba haɗari ba ne. Zaɓen 1951 ta matakai aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, kuma En'e na da hannu mai ƙarfi a matakin ƙarshe, don haka waɗanda suka iso Kaduna mutanenta ne. Ga shi kuma masu ilimin boko a Arewa a lokacin 'yan kaɗan ne, kuma En'e ce babbar mai ɗaukar aiki. Manyan cikinsu ma makaranta ɗaya suka yi, Kwalejin Katsina: Sardauna, Makaman Bida, Isa Kaita, Kashim Ibrahim, da Tafawa Ɓalewa na Legas. Sun san juna tun suna samari, sun san wa ya girmi wa a aji, kuma wannan girmamawar ta bi su har teburin majalisa. A ganina duk wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta mamakin yadda majalisar ta yi shekaru ba a ji ɓarakarta a fili ba, alhali a Jihar Yamma rikicin Awolowo da Akintola ya kai ga dokar ta-ɓaci a 1962.

Mutum biyu ne ginshiƙan majalisar bayan Firimiya. Aliyu Makaman Bida, Banufe, shi ne ke riƙon kujerar Firimiya in Sardauna ya yi tafiya, kuma Sardauna mai yawan tafiya ne, ga aikin hajji da umara, ga rangadin larduna. Riƙe kuɗi na sama da shekara takwas ya sa kowace takarda mai bukatar kashe fam ɗaya sai ta bi ta tebur ɗinsa. Isa Kaita kuwa ya riƙe ayyuka, ya riƙe albarkatun ƙasa, sannan ilimi. Ya yi aikin rediyo a Akara lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya sa ya zama ɗaya daga cikin masu iya magana da yawun gwamnati. A zamaninsa a ma'aikatar ilimi aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka faɗaɗa makarantun sakandare na larduna da kwalejojin horon malamai.

Bayan waɗannan sai rabon larduna, kuma a nan ne gwanintar haɗa majalisar take. Jihar na da larduna 12: Sakkwato, Katsina, Kano, Borno, Bauci, Zariya, Neja, Filato, Adamawa, Binuwai, Kabba da Ilori, sai na 13, Lardin Sardauna, bayan 1961. Babu dokar da ta ce kowane lardi sai ya samu minista, irin wadda tsarin mulkin 1999 ya yi wa jihohi a majalisar Tarayya, amma a aikace an kiyaye hakan sosai. Kano, wadda ta fi kowa yawan jama'a da kuɗin baitulmali, ta samu Abdullahi Maikano Dutse a ma'aikatar mulkin En'e daga 1957, lokacin da Firimiya ya saki wannan ma'aikata daga hannunsa, daga baya kuma Sule Gaya. Ta kuma samu Ibrahim Musa Gashash a filaye da safiyo, wanda shi ɗan kasuwa ne ba ma'aikacin En'e ba, kuma a hannunsa aka yi dokar mallakar ƙasa ta 1962. Borno ta samu Shettima Kashim kafin ya koma gida ya zama Waziri a 1956, da Mustafa Monguno a gona, da Ibrahim Biu a watsa labarai. Lardin Katsina ban da Isa Kaita ya samu Shehu Usman Galadiman Maska da Muhammadu Bashar Wamban Daura, wanda ya riƙe tsara tattalin arziki. Bauci ta samu Muhammadu Kabir Ciroman Katagum a harkokin cikin gida. Lardin Ilori ya samu Yahaya Madawakin Ilori a lafiya, sannan Ahman Galadiman Pategi, wanda ya riƙe lafiya, daga baya gona, kuma ya yi babban sakataren jam'iyya.

Kiristoci da mutanen kudancin jihar suna ciki tun farko, kuma wannan wuri ne da masu rubutu kan tsallake. Peter Achimugu daga ƙasar Igala yana cikin ministocin shekarun farko, kuma a 1958 ya zauna a kwamitin masana shari'a da Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, ya shugabanta, wanda shawararsa ta haifar da kundin hukunta laifuka na Arewa. Fasto David Lot daga Filato ya yi minista marar ma'aikata lokacin da ɓangarensa na 'yan Tsakiyar Najeriya ya yi ƙawance da NPC. George Ohikere daga ƙasar Ebira ya riƙe ayyuka, Michael Audu Buba Wazirin Shendam ya riƙe ciniki da masana'antu, Abutu Obekpa ya wakilci Idoma. Dalilin a fili yake. Akwai masu neman a yanke Jihar Tsakiya daga Arewa, akwai masu neman a mai da Ilori da Kabba Jihar Yamma, kuma hukumar Willink ta 1957 zuwa 1958 ta zagaya tana sauraron koke-koken ƙananan ƙabilu. Kujerar minista ita ce amsar da gwamnati ke nunawa cewa Arewa ta kowa ce. Amma gaskiya ita ce manyan ma'aikatu uku, kuɗi da ilimi da mulkin En'e, a hannun mutanen masarautun Musulmi suka zauna.

Akwai ma'aikata ɗaya da za ka gani a jerin shekarun 1950 ba za ka gan ta a na 1960 ba, wato ta harkokin Arewacin Kamaru. Yankin amana ne na Majalisar Ɗinkin Duniya da Ingila ke mulka tare da lardunan Borno, Adamawa da Binuwai, kuma an ƙirƙiro ma'aikatar don nuna cewa ba a manta da shi ba. Abba Habib daga ƙasar Dikwa ya riƙe ta, haka Abdullahi Ɗanburam Jada. A ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamba 1959 mutanen yankin suka zaɓi a ɗage yanke shawara maimakon shiga Najeriya nan take, abin da ya girgiza Kaduna, domin ƙorafinsu a kan mulkin En'e ne na Yola da Dikwa. Aka yi gyare-gyare, aka ba su En'e tasu, a Fabrairu 1961 suka zaɓi Najeriya, yankin ya zama Lardin Sardauna. In jerinka na da wannan ma'aikata, ka san shekarunsa ke nan.

Su wa ba sa ciki? Babu mace ko ɗaya, domin matan Arewa ba su da ƙuri'a a duk tsawon wannan zamani. Babu ɗan jam'iyyar adawa ta NEPU, babu ɗan UMBC ta Joseph Tarka mai neman Jihar Tsakiya, domin tsarin na jam'iyya mai rinjaye ne, kuma NPC ba ta bukatar kowa: a zaɓen 1956 ta ɗauki mafi yawan kujeru 131, a na 1961 ta ci 160 daga cikin 170. Illar wannan ta fi bayyana a ƙasar Tibi. Su jama'a ne masu yawa ƙwarai, amma ƙuri'arsu ta tafi ga UMBC, saboda haka ba su da murya a majalisar daidai da yawansu, yayin da En'ensu ke hannun magoya bayan gwamnati. Tarzomar 1960 da ta 1964 daga wannan gibi suka fito. Majalisar ta iya daidaita larduna da masarautu, amma ba ta da ƙofar da ɗan adawa zai shigo ta cikinta, kuma a ƙasa inda alƙali da ɗan doka ke hannun En'e, ɗan adawa ya sha wuya. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, kuma aikin da ya yabi majalisar bai faɗi haka ba ya rage gaskiya.

Matsala ta biyu daga tushen majalisar ta taso. Minista a Kaduna shugaba ne a kan En'e bisa doka, amma in ya koma gida bawan sarki ne, ya cire takalmi ya faɗi gaisuwa, kuma sarautar da yake taƙama da ita sarkin ne ya naɗa masa. Wa ke sama da wa? A ƙananan masarautu abin bai yi tsanani ba. A Kano ya yi. Sarki Sanusi minista ne, jigo ne a jam'iyya, ya ma taɓa riƙon kujerar gwamna a 1961, kuma En'e ɗinsa ta fi ta kowa kuɗi. Dokar mulkin larduna ta 1962 ta zo ne don warware irin wannan: aka sauke Razdan, wato babban jami'in mulki na lardi, daga shugabancin lardi ya koma sakataren lardi, aka ɗora ɗan siyasa a matsayin Kwamishinan Lardi mai amsa wa Firimiya kai tsaye, kuma aka riƙa kai mutum lardin da ba nasa ba don kada kunyar sarkinsa ta hana shi aiki. Kano aka kai wa Aliyu Magajin Garin Sakkwato. A shekarar ce aka naɗa David Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, a 1963 Sarki Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Daga ranar kowane sarki ya gane cewa kujerar minista ba ta kare rawani, kuma nauyi ya koma Kaduna. Don haka in kana kwatanta majalisar 1955 da ta 1964, sunayen sarakuna na nan a duka biyun, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Na uku, majalisar ta yi ta kumbura. Kowace masarauta na son ɗanta a ciki, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce a tsaga ma'aikata biyu ko a ƙara ƙaramin minista. Albarkatun ƙasa ta rabu zuwa gona a gefe, dabbobi da dazuzzuka a gefe. Aka samu watsa labarai, tsara tattalin arziki, shari'a, kowace da ministanta da mataimakinsa. Wasu rabe-raben aiki ne ya kawo su, wasu siyasa ce. Illarsa ita ce 'yan majalisa da yawa suka zama masu riƙe da muƙamin gwamnati, ga adawa ta ragu zuwa kujeru 10, sai Majalisar Wakilai ta rasa mai tuhumar ministoci da gaske. Kuma da yake ofishin Firimiya ya tara ƙananan ministoci da Kwamishinonin Lardi da harkar sarakuna, manyan shawarwari sun fi fitowa daga can.

Kada kuma ka manta da waɗanda sunansu ba ya cikin jerin amma aikin a hannunsu yake. Magana ba ta zuwa majalisa da baki. Ma'aikata za ta rubuta takardar bayani, babban sakatare ya duba, minista ya sa hannu. In akwai kashe kuɗi sai ma'aikatar kuɗi ta yi sharhi, in doka ce sai ofishin Babban Lauya ya tsara ta, sannan sakataren majalisa ya raba wa ministoci kafin zama. Abin da aka amince da shi ya tafi Majalisar Wakilai, ya wuce ta Sarakuna, gwamna ya sa hannu. Shekarar kuɗi daga 1 ga Afrilu take farawa, don haka zaman kasafi a farkon shekara ake yi. A shekarun 1950 kusan duk manyan sakatarorin Turawa ne, kuma manufar mai da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa ita ce abin da majalisar ta fi dagewa a kai. Sakataren Firimiya Bruce Greatbatch ne har 1963, lokacin da Ali Akilu ya karɓa ya zama shugaban ma'aikata, ga Ahmed Talib a ma'aikatar kuɗi. Waɗannan ne suka riƙe jihar bayan 15 ga Janairu 1966, lokacin da aka kashe Firimiya, majalisar ta rushe, Manjo Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Nagoggo, ya zama gwamnan soja.

Wajen rubuta aikinka, ka zaɓi shekara ɗaya ka tsaya a kanta. Uku ne suka fi ma'ana: ƙarshen 1954 in kana son majalisar Firimiya ta farko, ƙarshen 1957 in kana son lokacin da kuɗi ya dawo hannun 'yan ƙasa, ko bayan zaɓen Mayu 1961 in kana son majalisar da ta fi daɗewa. Ka rubuta kowa da sunansa na yanka da sarautar da yake riƙe da ita a wannan shekara, domin sarauta na sauyawa kuma ita ce ke sa a ƙirga mutum ɗaya sau biyu. Isa Kaita Madawaki ne kafin ya zama Wazirin Katsina. Muhammadu Bashar Wambai ne yana minista, a 1966 ya zama Sarkin Daura. Muhammadu Kabir Ciroma ne a lokacin, sai 1980 ya zama Sarkin Katagum. Mamman Nasir bai zama Galadiman Katsina ba sai bayan shekaru masu yawa. Ka raba masu ma'aikata da marasa ma'aikata da ƙananan ministoci, kowa a sashensa, ka ajiye Kwamishinonin Lardi daban. Gazet ɗin Jihar Arewa da rahoton muhawarar Majalisar Wakilai su ne ke da sunayen kowace shekara daidai, kuma ana samun irin waɗannan takardu a gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House, wanda shi ne tsohon gidan Firimiya. Daga 27 ga Mayu 1967, da Gowon ya raba Arewa zuwa jihohi shida, babu sauran minista a matakin jiha, kwamishina ake cewa, don haka duk takardar da ta kira wani ministan Jihar Kano ko na Arewa maso Gabas ta haɗa zamani biyu ne.